Yadda na ga watannin Mushtari daga saman bene a Agege

Da yawa daga cikinmu 'yan Arewa mazauna Legas mun ɗauka kallon sama sai an koma gida. Gaskiya ne fitilun gari sun cinye ƙananan taurari, a Agege ko Kaza da 'Ya'yanta da ƙyar ake hangowa. Amma duniyoyin da ke zagaya rana tare da tamu, irin su Mushtari (Jupiter) da Zara (Venus), haskensu ya fi ƙarfin fitilun nan. Gane su ma ba wuya: tauraro yana ƙyaftawa, su kuwa haskensu a tsaye yake.

A Disambar 2024 na fara, da tabarau mai hangen nesa na gwanjo, mai lamba 10x50, wato mai girmama abu sau goma. A watan ne duniyarmu ta shiga tsakanin rana da Mushtari, shi ya sa Mushtari take fitowa gabas da magariba ta kwana a sama. Abu na farko da na koya shi ne hannu ba ya iya riƙe tabarau ya tsaya cak. Sai da na ɗora shi kan katangar bene, na tokare da buhun yashi, sannan ɗigon hasken ya daina rawa. Idan maƙwabci ya tayar da janareta, katangar ma takan girgiza, sai a haƙura.

Da ya tsaya, sai ga ƙananan ɗigo guda uku a jere a gefen Mushtari, kamar ƙwayoyin carbi a zare ɗaya. Suna cikin watanninta huɗu da masanin taurari Galileo ya gani a 1610: Io, Europa, Ganymede da Callisto. Ba kullum huɗun ke bayyana ba, don wani yakan shige gabanta ko bayanta, ko ya matso kusa har haskenta ya rufe shi.

Abin da ya fi amfanata shi ne zanawa. Kowane dare ina yin da'ira a littafi, in ɗiga inda kowanne yake. Kashegari sai in ga jerin ya canza. Io yana gama zagayensa cikin awa 42 da ɗoriya, shi ya sa ba ka samunsa wuri ɗaya. Callisto kuwa yana ɗaukar kusan kwana 17, yana tafiya a hankali can nesa, kuma shi na fi saurin ganewa. Na daɗe da karanta cewa Ganymede ya fi duniyar Uɗarid (Mercury) faɗi, amma ganin motsinsa da idona ne ya sa maganar ta zauna mini. Limamin masallacinmu ya hau wani dare ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, sannan ya ce, "Yaro, gobe ma ka kira ni." Na ce, "To, Allah gafarta Malam."

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da damina gajimare ba ya ɗaga wa Legas ƙafa, da hunturu kuma hazo ke tare ƙasa-ƙasan sama. Sa'ar da muka yi ita ce Legas tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu, don haka duniyoyi irin su Mushtari sukan hau kusan tsakar ka, inda hazo ya fi sauƙi. Gara a jira su hau da a matsa musu tun suna fitowa.

Zara ma ta ba ni mamaki. A farkon azumin 2025, bayan shan ruwa, na gan ta a yamma siririya mai lanƙwasa irin ta jinjirin wata. Kafin sallah ta ɓace, don ta ratsa tsakaninmu da rana, daga baya ta ɓullo gabas kafin asuba.

Zoben da ya kewaye duniyar Zuhal (Saturn) dai wannan tabarau ba ya nuna shi, sai babbar na'urar hangen nesa, ita nake tara wa kuɗi yanzu. Duk wanda zai gwada, ina roƙonsa kada ya taɓa juya tabarau wajen rana, kuma kada ya bar shi a hannun yara da rana tsaka, domin yana iya makantar da mutum nan take.