Godiya bayan dawowarmu da Baba daga ƙasar Sin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, mun sauka Kano lafiya, Baba yana gida. Likitan ƙashin da ya duba shi a nan ya ce aikin da aka yi masa a can ya yi kyau, ƙarfen ya zauna daidai, saura haƙuri da gashi da koyon taka ƙafar sannu a hankali. Ni kam jikina har yanzu yana bin agogon can, wanda ya riga namu da awa 7, ga gajiyar da sai da muka sauka ta taso mini gaba ɗaya. Wanda ya kira ban ɗauka ba ya yi mini uzuri.

Ba sai na maimaita labarin yadda Baba ya zame ya karye a ƙafa a kan wani dutse a ƙasar Sin ba, kun bi shi tun daga saƙon farko da na nemi addu'a har zuwa ranar da aka sallame mu. Masu tambayar me ya kai dattijo kan dutse kawai zan ba amsa, don tambayar ta yi yawa. Baba ya daɗe yana zuwa birnin Gwanzu na ƙasar Sin saro kaya, amma bai san komai a ƙasar ba sai kasuwa, masauki, ofishin 'yan kago da masallacin Juma'a. Wannan karon, da aka tashi daga baje kolin Kanton da ake yi a Gwanzu a watan Oktoba, ya ce shi fa kafin ya bar mini harkar yana son ya sa goshinsa a ƙasa a tsohon masallacin birnin Xi'an, wanda mutanen wurin ke cewa tun shekarar 742 aka kafa shi. Kuma ya sa. Masallaci ne da ba shi da ƙubba, gininsa irin na Sinawa, tsakar gida bayan tsakar gida, ga itatuwa, ga ayoyi sassaƙe a jikin katako. Na ga Baba ya yi hawaye a wurin. Mun zaga ganuwar birnin, mai tsawon kusan kilomita 14, mun je mun ga sojojin yumɓun nan da manoma suka tono a 1974 suna haƙa rijiya. Dutsen Huashan shi ne na ƙarshe, rabin awa ne kawai a jirgin ƙasa mai sauri, kuma motar igiya ce ta hau da mu har ƙololuwar arewa. Tsofaffin da suka girme shi suna nan birjik a hanyar, da sandunansu da filas ɗinsu na ruwan zafi. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Wanda nake so in yi magana a kansa shi ne wani ɗan dako da ya taimake mu a kan dutsen.

Wanda bai ga wurin ba zai yi wuya ya gane. Matakala ce aka sassaƙa a jikin dutsen kansa, siririya, ga sarƙa a gefe ta kamawa, bayan sarƙar kuwa rami ne da ido ba ya ganin ƙarshensa. Hazo ya sauko da yamma, dutsen ya jiƙe, sanyi yana ratsa safar hannun da muka saya a gindin dutsen. Muna saukowa ƙafar Baba ta zame. Na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Da na iso gare shi ƙafar ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa, goshinsa yana zubar da jini, hularsa ta tafi. Mutane suka taru sama da ƙasa, kowa na magana, ban jin ko kalma ɗaya. Sinancina na ciniki ne, nawa ne, ya yi tsada, rage mini. Babu ɗaya da ke da amfani a wannan wurin.

Sai Baba ya kamo rigata ya jawo ni kusa. Ya fara lissafa mini waɗanda ke binsa kuɗi a Kwari da waɗanda yake bi, da inda takardun gida suke. Na ce, "Baba, don Allah ka bari." Ya ce, "Saurara, ɗana. In ta Allah ta kasance, kada ka wahalar da kanka da ɗaukar gawa. Akwai Musulmi a garin nan, na gan su, su yi mini sutura." Daga nan ya koma kalmar shahada, idonsa yana lumshewa. A rayuwata ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Gwiwoyina suka saki, na rasa abin da zan kama, shi ko sarƙar.

A haka mutumin ya iso. 'Yan dakon dutsen nan da kafaɗa suke hawa da komai, ruwan roba, taliya, kayan gini, a rataye a gefe biyu na sanda, kuma gwargwadon nauyin da mutum ya kai ake biyansa. Duk mintin da ya tsaya, daga aljihunsa ne. Mutum ne gajere, ya manyanta, fuskarsa duk ta ƙone da rana, takalminsa na roba ya cinye. Ya sauke kayansa a gefe, ya daka wa mutane tsawa suka ja baya, ya durƙusa ya kalli ƙafar bai taɓa ta ba tukuna. Sai ya farke kwalin ruwan da ya ɗauko, robobin suka zube ya tare su da ƙafa, ya ninke kwalin ya yi kauri, ya kwance igiyar da yake ɗaure kayansa da ita. Ya nuna mini in riƙe cinyar, ya sa kwalin gefe da gefe, ya ɗaure sama da ƙasan karayar, hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya cire rigar sanyinsa, wadda ta jiƙe da gumi ta ciki, ya lulluɓa wa Baba, shi ya tsaya daga shi sai 'yar shara a cikin wannan iskar.

Ya lura Baba yana neman yin shiru. Bai san me Baba ke karantawa ba, amma ya san bai kamata ya yi barci ba. Sai ya zauna a matakalar da ke ƙasa, ya jingina Baba da bayansa don kada ya gangara, yana ta yi masa magana da ƙarfi cikin harshensa, yana bubbuga hannunsa, in Baba ya buɗe ido ya gyaɗa masa kai ya ɗaga babban yatsa. Ya zuba ruwan zafi a murfin filas ɗinsa yana ɗiga masa a leɓe. Baba yana amsa masa da Hausa, "To, to, na ji, Allah Ya yi maka albarka." Haka suka yi ta yi, babu mai jin wani, har masu ceto suka iso da gadon ɗaukar majinyata. Da aka ɗaga Baba, shi ya kama gaba, don ya fi su sanin inda ake sa ƙafa. Da shi aka sauko har tashar motar igiya kafin a rufe.

A nan na zaro duk jajayen takardun yuwan ɗari-ɗari da ke aljihuna na cusa masa. Ya ture hannuna, na sake, ya ɓata rai sosai ya mayar mini cikin aljihun da kansa ya danne. Ya karɓi rigarsa, ya juya ya koma sama wurin kayansa da ya bari a warwatse, cikin duhu. Ba ni da sunansa, ba ni da lambarsa, ko hotonsa ban ɗauka ba. Baba ya sa masa suna Mai Sanda, kuma tun daga gadon asibiti har yau bai idar da salla ba tare da ya ambace shi ba. Ya Allah, Kai Ka san sunansa da gidansa. Ka kiyaye ƙafarsa a kan wannan dutsen, Ka ba shi lafiyar baya da gwiwa, Ka sa 'ya'yansa su hutar da shi, Ka buɗe zuciyarsa ga shiriya. Ka saka masa da abin da ni ba zan iya ba.

Akwai wasu ɗalibai biyu, saurayi da budurwa, su suka kira 120, lambar motar asibiti, su kuma suka riƙa yi mana tafinta da manhajar wayarsu. Yarinyar ta manna wa Baba irin takardun nan masu ɗumama jiki a ƙirji da baya. Sun bi mu har asibiti, sun tsaya aka yi hoton ƙashi, jirginsu ya wuce suna tare da mu. Allah Ya ba su sa'ar karatu.

A asibitocin can dangi ne ke jinya, su kawo abinci, su kwana a ɗan gado mai naɗewa a gefen mara lafiya. Ni kaɗai ne dangin Baba, kuma babbar damuwata abin da zai ci. Baiwar Allah nan mai gidan abinci a unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, wadda muka ci gurasa da romon rago a wurinta kafin abin ya faru, ta roƙe ni kada in ambace ta. Ki yi haƙuri, Inna, sai na faɗa, ɗanki zai karanta miki da waya. Tun da labari ya kai gare ta ta bakin limamin unguwar, kullum sai ɗanta ya iso a kan babur ɗinsa na lantarki da romon ƙashin sa mai zafi, don su ma sun yarda romon ƙashi yana taimaka wa mai karaya. Wata rana da ruwan rumman, wata rana da dabino. Ko sisi ba ta karɓa ba. Limamin da kansa ya zo dubiya da dattawa cikin fararen hulunansu, aka yi wa Baba addu'a da Larabcin da muka haɗu a kansa. Allah Ya bar zumuncin Musulunci, Ya jiƙan magabatansu da suka riƙe addinin nan a wannan nisan duniya.

Sai tsohuwar da ke jinyar mijinta a gadon da ke kusa da namu. Ita ta nuna mini inda ake ɗibar ruwan zafi, da yadda ake biyan kuɗi a na'urar da ke bakin ƙofa, kuma idan na fita salla ita ke kula da ƙarin ruwan Baba. Ta hana shi shan ruwan sanyi ƙememe. Da daddare idan ya samu barci nakan sauka in ɗan taka a titi don kaina ya huce. Tsofaffin mata suna rawa a jere a dandali da rediyonsu, maza sun kewaye masu dara, mai gasa dankali yana kiran ciniki, iyaye na tura jarirai. Wasu su kalle ni, yara su nuna ni da yatsa, wani ya ɗaga waya ya ɗauke ni hoto ba tare da ya tambaya ba. Wannan yana da ciwo, kuma ban manta da yadda aka fitar da 'yan'uwanmu baƙar fata daga gidajen haya a Gwanzu a 2020 ba. Duka biyun gaskiya ne, na gani da idona. Amma idan aka ce mini Sinawa ba su da tausayi, ba zan yi shiru ba, don na ga wanda ya tuɓe rigarsa a kan dutse saboda ubana.

Mutanenmu na Gwanzu, ban san ta inda zan fara ba. Alhajinmu na kago a unguwar Xiaobei, na san ba ka son a faɗa, amma kai ka tura kuɗin ajiyar da asibiti ya nema kafin tiyata, cikin dare, ba ka tambayi yaushe za a biya ba. Ka kuma ci gaba da lodin kayan Baba kamar yana tsaye a kanka. Allah Ya ƙara rufa maka asiri duniya da lahira. Ƙanenmu ɗalibin likitanci ɗan Zinder da ke karatu a Xi'an, wanda ban taɓa sani ba sai a wannan jinyar, shi ya zauna da likitoci ya fassara mini komai kafin in sa hannu, shi ya yi ta zirga-zirga da ni har aka ƙara mana wa'adin biza aka ba mu takardar izinin hawa jirgi. Baba ya ce daga yau ɗansa ne kai. Jama'ar masallacin Juma'a na Gwanzu da suka haɗa gudummawa, 'yan layinmu na Kwari da suka riƙe shago, makwabta da suka yi ta saukar Alƙur'ani, matan unguwa da suka zauna da Hajiya ba su bar ta ita kaɗai ba, Allah Ya saka wa kowa da mafificin alheri. Yadda kuka tsaya mana, Allah Ya tsaya muku ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah Ya raba ku da jinya a baƙon wuri, Ya ba marasa lafiyarku sauƙi, Ya jiƙan iyayenku, Ya shirya muku zuri'a.

Akwai waɗanda Baba ya yi ta tambayata ko sun kira. Jininsa ne, wasu ma shi ya yi musu hanyar kasuwa. Nakan ce masa layi ne ba kyau. Gaskiya ne WhatsApp ba ya aiki a can yadda aka saba, amma waɗanda suka so samunmu sun same mu, har da tsohuwar da ba ta iya danna waya ba sai jikanta ya danna mata. Zumunta a ƙafa take, kuma yanzu tafiyar ba ta kai Sin ba, gida ne kun san hanya. Baba bai riƙe kowa ba, ni ma ina ƙoƙari.

Masu son zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take bayan La'asar zuwa Magariba, da safe ana kai shi gashi. Don Allah a taƙaita zama, kuma masu kawo shawarar a kai shi wurin mai ɗori mun gode ƙwarai, amma akwai ƙarfe a ƙafar, likita ya ce kada a taɓa. A ci gaba da sa shi a addu'a Allah Ya tashi kafaɗunsa, kuma Baba ya ce in roƙe ku, duk wanda ya yi masa addu'a ya haɗa da Mai Sanda.

Wassalamu alaikum.