Tarihin Rayuwar Emma Livry, Kashi na Huɗu: Siket Ɗin da Ta Ƙi a Taɓa

A makon jiya mun tsaya ne a watan Nuwamban 1860, lokacin da 'yar rawar bale Emma Livry, tana da shekara 18, ta fito a wasan Le Papillon a gidan Opera na birnin Faris, wasan da shahararriyar 'yar rawa Marie Taglioni ta tsara mata da kanta. Kafin mu shiga abin da ya biyo baya, sai mun duba rigar da take sawa, domin wanda bai san yadda ake ɗinka ta ba ba zai gane dalilin taurin kan Emma na ƙin a sa wa siket ɗinta sinadarin hana kama wuta ba.

Tun 1832 da Taglioni ta fito a La Sylphide, shigar 'yar rawar bale ta zama iri guda: farar riga mai kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙugu, sai siket mai buɗewa kamar ƙararrawa, wanda ke sauka ƙasa da gwiwa ya tsaya wajen sha-raɓa. Yadin da aka fi amfani da shi sunansa tarlatan. Auduga ce mai siririn zare da buɗaɗɗiyar saƙa, kusan kamar gidan sauro, an kuma sa mata sitaci don ta yi tauri. Tela zai yanka yadin a miƙe, faɗinsa ya ninka ƙugun mai rawar sau uku ko fiye, ya bi bakinsa na sama da dogon ɗinki layi biyu, ya ja zaren ya tattare, sannan ya ɗora a kan wani ƙyalle da ke zama a ƙugu. Haka zai yi hawa bayan hawa. Idan tattarar ba ta yi daidai ba, siket ɗin zai karkace gefe guda in mai rawar ta juya. Idan sitacin ya yi yawa, yadin zai riƙa karyewa yana barin layi. In ya yi kaɗan kuma, sai ya kwanta a ƙafa kamar jiƙaƙƙen zane.

Duk kyan rigar yana ga iskar da ke tsakanin hawa da hawa. Ita ke sa siket ɗin ya tashi in an yi tsalle, ya kuma sauko a hankali bayan ƙafa ta riga ta taɓa ƙasa. Amma tarlatan na lotsewa da zarar an zauna a kansa, shi ya sa 'yan rawa suka saba da kaɗa siket da hannu biyu su buɗe shi kafin su hau dandamali.

To, ga inda haɗarin yake. A wancan zamani, tun 1822, gidan Opera na haska dandamali da fitilun gas, harshen wuta a fili, a bakin dandamalin da kuma gefe bayan labule. Siririn zaren auduga da iska ta kewaye shi ta ko'ina ba ya ɓata lokaci wajen kamawa, siffar siket ɗin kuma na jan wutar sama zuwa jiki. An riga an ga hakan a Landan a 1844, inda rigar 'yar rawa Clara Webster ta kama wuta a gidan wasa na Drury Lane, ta rasu bayan 'yan kwanaki.

A 1859 gwamnatin Faransa ta fitar da doka cewa a riƙa tsoma kayan wasa cikin ruwan sinadarin hana kama wuta, bisa hanyar da Jean-Adolphe Carteron ya ƙirƙiro. Gishirin sinadarin na zama a jikin zaren, ya sa yadin ya babbake a hankali maimakon ya tashi da harshe. Sai dai yana dusashe farin yadin ya koma rawaya-rawaya, yana kuma sandarar da shi. Wanki ma na cire irin wannan gishiri, dole a sake tsomawa. Ga wadda aikinta shi ne ta zama kamar hayaƙi a idon 'yan kallo, wannan babbar asara ce. A 1860 Emma ta rubuta wa shugaban gidan cewa ita da siket ɗinta na yau da kullum za ta yi rawa, kuma ta ɗauki alhakin duk abin da ya same ta. Zargin yarinyar abu ne mai sauƙi, amma a ganinmu babban laifin na ga waɗanda suka karɓi takardar suka adana, suka bar fitilun a buɗe kusa da inda 'yan rawa ke tsayawa.

Ranar 15 ga Nuwamba 1862 ana gwajin wasan La Muette de Portici, Emma za ta fito a matsayin Fenella, bebiyar da ke cikin labarin. Tana gefe tana jiran lokacin shigarta sai ta kaɗa siket ɗin, kamar yadda ta saba. Iskar kaɗawar ta haɗa yadin da harshen fitilar da ke kusa. Nan take wuta ta rufe ta, ta ruga cikin dandamali a gigice. Gudun nan ya ƙara munin abin, don kowane taku iska yake hura wa wutar. Abin da ke kashe irin wannan gobara shi ne mutum ya kwanta ƙasa, a lulluɓe shi da bargon ulu mai kauri, tunda ulu ba ya saurin kamawa kuma yana toshe iska. Da bargo aka kashe wutar daga ƙarshe, amma a lokacin siket ɗin ya ƙone, rigar ciki mai ɗaure ƙugu kuma ta manne da fatarta. Fuskarta dai wutar ba ta taɓa ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu kawo jinyar wata takwas da ta yi, da irin maganin ƙuna da likitocin Faris suka yi mata kafin a kai ta garin Neuilly da ke kusa da Faris.