Shekara uku sai ganye, bana farin inabina ya yi huda

Assalamu alaikum 'yan uwa masu inabi a tsakar gida. Yau bayan na dawo daga sallar asuba na ɗauki tocila na shiga ƙarƙashin rumfa ina ƙirga. Ashirin da uku. Na koma ta ɗaya gefen na sake ƙirgawa don kar ido ya yaudare ni, ashirin da uku ɗin dai. Huda ce sosai, 'yan ƙanana kore shar, kowace ta leƙo daura da ganye na uku ko na huɗu a jikin sabon toho. Wannan gindin shekararsa uku yana cika mini gida da inuwa, bai taɓa ba ni ko ƙwaya ɗaya ba. Na yi hamdala, na je na taso uwargida ta zo ta gani da idonta, don ita ce ta sha jin ƙorafina a kansa.

Gindi huɗu na saya tun farko, wajen wani mutum da ke kawo dashe daga yankin Kudan ta jihar Kaduna, kowane naira 6,000. Babu suna a jikin leda. Abin da ya ce mini kawai shi ne biyu baƙi ne, biyu fari. Gara ta cinye fari ɗaya a bazarar farko, saura uku. Baƙaƙen nan biyu tun shekara ta biyu suka fara ba mu 'ya'ya, farin kuwa sai tsawo da faɗi, har ya haura katanga ya leƙa gidan maƙwabta.

Babu abin da ban yi masa ba. Na zuba kashin kaji, na ƙara da yuriya, na sayi buhun takin zamani a lokacin da kuɗinsa ke ƙona aljihu, duk abin da na zuba sai ya mayar mini da shi ganye. Wani dattijo maƙwabcinmu a nan unguwar Mabera ta Sakkwato ya tsaya ya dube shi ya ce, "Ɗana, wanga namiji ne, sare shi ka huta." Na ce, "To Baba, a ƙara mai shekara guda." Ba laifinsa ba ne, da dabino da gwanda ya saba, su kam akwai mace akwai namiji. Amma inabin da ake nomawa kusan duk furensa ɗaya ne ke ɗauke da ɓangaren namiji da na mace, shi yake yi wa kansa barbara. Matsalar ba ta nan take ba. Tana hannuna, a bakin almakashi.

Aski iri ɗaya nake yi musu su ukun: in datse kowane reshe in bar ido biyu ko uku, wato wurin da toho ke fitowa, yadda yawancinmu muka koya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko iri ɗaya ne ba, sai wata rana da na tsinko ganyen kowane na kifa su a kan tabarma. Na baƙin kauri gare shi, bayansa fari-fari da wani gashi mai laushi kamar an shafa auduga. Na farin kuwa sirara ne, yana sheƙi, bayansa sumul. Na koma na duba siririn hannun nan da suke naɗe waya da shi. A jikin baƙin kusan kowace gaɓa tana da nata. A jikin farin, gaɓa biyu suna da shi, ta uku babu, haka har ƙarshen reshe. Ga kuma 'ya'yan baƙin da muka ci: ka matsa ƙwayar da yatsa biyu, tsokar ta sulluɓe ta bar ɓawon, da wani ƙamshi mai ƙarfi kamar na alewa. Waɗannan duk alamomin dangin Isabella ne, mai jinin inabin Amurka, wanda a Indiya ake noma ɗan uwansa da sunan Bangalore Blue. Shi wannan ko a gindin reshe idonsa na ɗauke da 'ya'ya, shi ya sa gajeren aski bai dame shi ba.

Na kira mai dashen na ce ya siffanta mini 'ya'yan uwar farin. Ya ce ƙanana ne, dogaye kaɗan, kore mai komawa rawaya in sun nuna, kuma babu ƙwallo a ciki. Thompson Seedless ke nan, wanda kuma ake kira Sultana, wanda mafi yawan zabibin da muke saya a kasuwa daga shi ake busarwa. Sunan wani manomi ne a Kalifoniya, William Thompson, da ya yaɗa shi a shekarun 1870. Halinsa kuma sananne ne ga duk masu nomansa: idanun da ke kusa da gindin reshe, na ɗaya zuwa na uku, galibi ganye kawai suke fitarwa. Masu 'ya'yan suna can gaba, daga wajen na biyar zuwa sama. Wato shekara biyu a jere ni da hannuna nake yanke 'ya'yan in zubar wa awaki, in bar masa idanun da babu komai a ciki. Ranar da na gane haka abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan ba ni mamaki. Nonon inabin da za ka gani bayan aski ba a lokacin yake samuwa ba. Tun watanni kafin nan aka ƙulla shi a cikin idon, lokacin da reshen yake ɗanye yana girma, kuma sai idon ya sha rana sosai yake ƙulluwa. Reshen da ya girma a cikin duhun ganye, ko aka cika shi da yuriya ya yi ƙiba, idonsa fanko ne. To ni na haɗa duka biyun: rumfa a cushe kamar daji, ga taki ba ƙaƙƙautawa.

Sai na bi tsarin manoman Nashik na jihar Maharashtra a Indiya, tunda su ma ba su da sanyin da zai sa inabi ya yi barci ya zubar da ganye da kansa. Aski biyu suke yi a shekara: na Afrilu don a gina rassa, na Oktoba don 'ya'ya. A Afrilu na aske shi kwal, ido ɗaya-ɗaya. Kun san Afrilun Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ƙarfen rumfa ba ya taɓuwa da rana. Na ji tsoro ƙwarai. Na jingina zana ta yamma don ta tare ranar la'asar daga jikin kututturen, na lulluɓe gindin da ƙaiƙayi, ban ruwa safe da yamma. Famfo ya ɗauke kusan mako uku, sai 'yan garuwa, kuma abin da na kashe a ruwa a watan nan ya ninka kuɗin dashen gaba ɗaya. Da toho ya fito na zaɓi goma sha huɗu na jera su a kan waya da tazarar kamu guda, sauran duk na ɓalle su. Yuriya kuwa na daina kwata-kwata. Da damina ta yi nisa, wajen Agusta, ganyensa ya fara tabo rawaya kamar an ɗiga mai, da farin gari a baya. Na yi feshin maganin jan ƙarfe sau uku ya tsaya. Baƙaƙen da ke gefensa ko a jikinsu.

Da ruwa ya ɗauke na hana shi sha mako biyu, na tsige ganyen duka da hannu, sannan a tsakiyar Oktoba na yi askin da nake jira. Rassan sun yi ja-ja, kaurin fensir. Kowane na bar masa ido goma.

A nan ne wata damuwar ta taso. A ƙasa mai zafi, in ka bar dogon reshe, ido biyun ƙarshe ne kawai ke farkawa, sauran su yi shiru. Manyan manoma suna shafa Dormex, wani magani mai tayar da ido, amma guba ne mai ƙone fata, ni kuma gidana da yara da awaki. Na samu labarin cewa a Japan da Brazil an gwada tafarnuwa don tayar da idon inabi kuma ta yi aiki. Mu da buhunan tafarnuwar Goronyo da Wurno ke jibge a kasuwarmu, me zai hana? Na sayo mudu guda, aka ɓare aka daka a turmi har ta yi laushi, na shafa a bakin yanka da kan idanu biyar na sama. Rassa takwas na shafa wa na ɗaura musu jan ƙyalle, shida na bar su haka da farin ƙyalle. Dukansu na lanƙwasa su a hankali kamar baka har na ji ɗan ƙas a ciki, sannan na ɗaure a waya.

Ga abin da na gani a gidana. Masu jan ƙyalle sun riga kumbura da kusan kwana huɗu, kuma yawancinsu ido huɗu ko biyar suka buɗe. Masu farin ƙyalle biyu, wani uku. Amma rassa biyu da na lafta wa tafarnuwar da kauri, kuma da tsakar rana, idanunsu sun yi baƙi sun bushe, ko ɗaya bai tashi ba. Wannan asarar ta yi mini ciwo, don suna cikin mafiya kyau. Sauran da yamma na shafa musu, sama-sama. Daga cikin huda ashirin da uku, goma sha bakwai a kan masu jan ƙyalle suke, kuma babu ko ɗaya da ta fito ƙasa da ido na biyar.

Mai dashen ya sake kirana kwanan baya wai ya samo irin Faransa, in zo in ɗauka. Don Allah duk wanda aka yi wa wannan tallan ya tambayi suna. Cabernet Sauvignon da Merlot da Chardonnay sunaye ne masu daɗin faɗi, amma don matsewa a yi giya ake noma su a can: 'ya'ya ƙanana, ɓawo mai kauri, ƙwallo cike da baki. Ba abin da muke nema ba ne, ko a addinance ko a faranti. Mu namu na ci ne da na shanya: Thompson, ko Flame Seedless ja marar ƙwallo da aka fitar a Fresno ta Kalifoniya a 1973, ko Red Globe mai manyan ƙwayoyi irin wanda ake sayarwa a roba a bakin titi. Wanda raina ke biyawa shi ne Muscat na Iskandariyya. A tsibirin Pantelleria na Italiya Zibibbo suke ce masa, daga kalmar Larabci zabib, inda mu ma muka samo zabibi. In na same shi da suna a rubuce, gurbin wanda gara ta cinye yana nan na ajiye masa.

Yanzu hunturu ya fara busawa, tohon kuma ɗanye ne, iska kaɗan ke karya shi, don haka yau da yamma zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ɗaure da tsumma mai laushi. Ruwa zan rage lokacin da furen ya buɗe don kar ya kakkaɓe. Duk tohon da ya fito da huda biyu zan cire ƙaramar, ko da yake hannuna na rawa in na tuna shekara ukun nan. In Allah ya kai mu, lissafina nuna zai kama a cikin Fabrairu. Uwargida ta riga ta wanke tsofaffin gidajen sauro guda biyu ta ninke, saboda tsuntsaye da jemagun da suka raba mu da rabin baƙin inabi bara.