Jan fenti a bangon gida

Duk wanda ya taɓa zama a unguwannin talakawa na gefen Abuja ya san jan fentin nan da ake shafawa a bango in rusau ya matso. Na yi shekara shida a irin wannan unguwa, ɗakin bulo da rufin kwano, ruwa sai wajen 'yan ga-ruwa, amma dai gida ne, nan muke rufa asirinmu.

Ranar da katafila ta shigo layinmu ba zan manta ba wallahi. Maƙwabciyata matar aure, wadda ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da hijabi, ita ce zaune a fili kan katifarta da kwanukanta da jinjiri a baya, mutane na wucewa suna kallon kayan ɗakinta, ga hadari ya haɗo. Na ce Hajiya ki shigo shagon nan ki fake, ta ce Malam in na tashi wa zai duba min kayan? Mijinta maigadi ne a Maitama, yana can yana tsaron gidan wani.

Abun da ke ci min rai ke nan. Birkila, mai shara, direba, mai shayi, su suka gina garin nan su ke riƙe da shi tun da gwamnati ta taso daga Legas a 1991, su kuma Gbagyi an same su ne a wurin tun kafin dokar 1976 da ta kafa babban birnin tarayya. Amma in an tashi gyaran gari su ne datti.

Ni ban ce kar a bi tsarin gari ba fa, akwai masu gini kan magudanar ruwa, gaskiya ne. To amma wa'adi fa? Ina za su koma? Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya yi maganar matsuguni mai kyau ga kowane ɗan ƙasa, sai dai yana babi na 2 wanda ba ka iya kai ƙara a kansa kai tsaye. Sashe na 34 kuwa na mutuncin ɗan Adam ne, kuma a 2017 babbar kotun Legas ta ce korar mutanen bakin ruwa irin na Otodo-Gbame ba tare da an ba su wani wurin ba cin mutunci ne. Sama da mutum 30,000 aka kora can.

Maƙwabciyar tawa yanzu suna Masaka ta jihar Nasarawa, ɗaki ɗaya. Mijin tun kafin asuba yake fita neman mota, yaransu biyu kuma har yau ba su koma makaranta ba.