Maganin da ke ɓacewa daga kanti babu sallama

Rabin aikin mai kantin magani a unguwar Nima da ke Akra ba sayarwa ba ne, neman kaya ne. Kowace Litinin nakan rubuta abin da ya ƙare, yaron shago ya hau motar haya ta trotro zuwa Okaishie, inda manyan dillalan magani na Akra suke. Idan ya dawo, ba kwalayen nake fara dubawa ba, takardar nake dubawa, in ga nawa aka soke da biro.

Amsar dillali ɗaya ce kullum: kaya na tashar jirgin ruwa ta Tema, mako mai zuwa za su fito. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa kamfanin da ke Indiya ya daina yin maganin tun watanni, ko mai shigo da shi ya ga ba riba ya sauke. To waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne a wurina. In jinkiri ne, zan ce wa mai ciwo ya yi haƙuri, in nemo masa na mako biyu a wani kanti. In an daina ne, dole ya koma wurin likita a sauya masa tun bai shanye na hannunsa ba.

Masu hawan jini da ciwon sukari su suka fi shan wahalar. Tsohuwa za ta ciro fankon kwali daga jakarta, ya yi laushi don daɗewa, ta ce, "Ɗana, irin wannan nake so." Ba ta san sunan amlodipine, maganin hawan jininta, ba, launin kwalin ta sani. In miƙa mata na wani kamfani, maganin ɗaya ƙarfinsa ɗaya, sai ta juya shi ta ce wannan ba nata ba ne. Nakan zauna in yi bayani har ta yarda. Wadda ba ta yarda ba takan tafi gida ta zauna ba magani, sai jiri ya kwashe ta.

Yawancin maganin da muke sayarwa daga waje yake zuwa, don haka kowace girgiza tana iso mana. A Maris na 2020 Indiya ta taƙaita fitar da wasu magunguna, har da paracetamol. A 2022 kuɗinmu na sidi ya faɗi warwas, dillalai suka riƙa sauya farashi kafin ka gama lissafi. Kafin nan, a Janairun 2015, gobara ta cinye babban rumbun magani na ƙasa a Tema.

A Amurka, dokar 2012 ta wajabta wa masu yin muhimman magunguna su sanar da hukuma wata shida kafin su daina, ko da zarar sun hango yankewa. Kanada ma tun 2017 ta tilasta a wallafa ƙarancin a intanet kowa ya gani. Mu nan Ghana muna da hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, wadda ke aiki ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, kuma idan ta janye gurɓataccen magani, kafin yamma sanarwar ta zagaye WhatsApp ɗin masu kantuna. Hanyar tana nan ke nan. Abin da nake so shi ne a ɗora wa mai shigo da kaya nauyin faɗa da wuri, ya kuma bambanta jinkiri da dainawa.

Wani abokin sana'a a unguwar Maamobi yana ganin sanarwa za ta jawo ɓoye kaya, mai kuɗi ya kwashe saura ya jira tsada. Yana da hujja. Sai dai ai yanzu ma ana kwashewa, don manyan kantuna suna jin labari a bakin dillali tun kafin mu. Sanarwar da kowa zai gani rana ɗaya aƙalla za ta ba ni damar ajiye kwali goma don tsofaffin da sunansu ke cikin littafina, in kuma aika musu su je asibiti da katin inshorarsu.