Ranar da aka ƙi karɓar jinina a Shika

Ina aji uku a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru aka kwantar da mahaifiyar ƙawata a asibitin koyarwa na Shika, aka ce a nemo jini leda biyu. Na bi su da ƙwarin gwiwa, don a ganina lafiyata ƙalau. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya soki ɗan yatsana, ya duba na'urarsa, ya ce, "Malama, ke ma ai kin kusa neman a ƙara miki." Himoglobin ɗina, wato sinadarin jini mai kai iskar oksijin ga sassan jiki, 10.6. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, macen da ba ta da ciki in ta gaza 12 tana da ƙarancin jini, namiji kuwa 13.

Kunya ta fi tsoro kama ni, saboda ba yunwa nake kwana da ita ba. Sai da likita ta ce in lissafa mata abin da na ci a satin na ji bakina ya yi nauyi: shayi da burodi da safe, Indomie da rana, garin kwaki in kuɗi sun ja baya, sai wani shayin mai kauri da dare don kada barci ya kwashe ni a laburaren Kashim Ibrahim. Ciki cike, amma babu abin da jiki zai gina jini da shi. Ta tambaye ni ko ina cin farar ƙasa. Ina ci mana, har ɓoye ta nake a jaka! Ashe wannan kwaɗayin kansa yakan zama alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke gina jini da shi. Gwajin feritin, wato ajiyar ƙarfen da ke jiki, ya nuna rumbun nawa ya kusa zama fanko, ga al'ada tana ɗiba duk wata.

Shayin ne ya fi ba ni haushi. Ko ranar da na samu wake ko ƙosai, da shayi nake korawa, alhali ganyen shayi yana da sinadarin tanin da ke riƙe ƙarfen abinci ya hana hanji tsotse shi. Lemon zaƙi da gwaiba kuwa, saboda bitamin C, taimaka wa hanjin suke yi.

Ban daina shayi ba, ɗan Zariya ma bai isa ya raba ni da shi ba. Na dai matsar da shi awa ɗaya ko biyu bayan abinci. Na koma kwaɗon zogale, alayyahu a miya, tsiren hanta ranar da Baba ya turo kuɗi, da lemo daga kasuwar Samaru, tare da ƙwayoyin ƙarfen da aka rubuta min da maganin tsutsar ciki.

Sati biyu na koma ina ɗokin ganin canji, likita ta yi dariya ta ce jini ba ya son gaggawa, kuma rumbun ya fi himoglobin jinkirin cika. Bayan wata uku awon ya kai 12.4. Jirin da nake ji in na hau bene ya tafi, farar ƙasar kuma ta tsufa a jaka har na manta da ita.