Dick mai goge takalma da yaran kasuwar Dole

A shekarar 1867 ne marubucin Amurka Horatio Alger ya fara fitar da labarin Ragged Dick kashi-kashi a wata mujallar yara, kafin a buga shi littafi a 1868. Tun daga lokacin sunan marubucin ke fitowa duk sa'ad da ake maganar talakan da ya yi arziki da guminsa, alhali wanda ya karanta littafin a tsanake zai tarar cewa arzikin da ake ta zuzutawa bai wuce aikin akawu ba, a kan albashin dalar Amurka 10 a mako.

Dick maraya ne ɗan shekara 14 mai goge takalma a titunan New York, yana kwana cikin akwatin katako da aka zuba wa ciyawa. Ba waliyyi ba ne, domin yana shan taba, yana caca, kuma abin da ya samu da rana a gidan wasan kwaikwayo yake ƙarewa da dare. Abu ɗaya ne ba ya yi, wato sata. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda wani ɗan kasuwa mai suna Greyson ya miƙa masa kwabo 25 a kan aikin kwabo 10 saboda rashin canji, ya wuce abinsa ba tare da ya sa ran ganin sauran ba, sai ga yaron ya biyo shi har ofis da kwabo 15 a hannu. Haka kuma ya samu kyautar tufafi da dalar Amurka 5, ya kama ɗaki, ya buɗe ajiya a banki, ya kuma ɗauki wani maraya mai suna Fosdick su zauna tare, a kan sharaɗin ya riƙa koya masa karatu da dare a madadin kuɗin haya.

Duk da wannan ƙoƙari, ba ajiyar ce ta raba shi da akwatin goge takalma ba. Ɗan wani attajiri mai suna Rockwell ne ya faɗa ruwa daga jirgin fito mai zuwa Brooklyn, Dick ya yi tsalle ya ceto shi, uban kuma ya saka masa da aiki. A nan nake ganin masu yabon littafin suna tsallake rabin zancen. Gaskiya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, domin da bai koyi rubutu ba da attajirin bai iya ɗora shi a kan teburi ba, amma marubucin da kansa bai samo wa yaron mafita ba sai da ya jefa ɗan mai kuɗi cikin kogi.

Mu a Damagaram wannan ba baƙon abu ba ne. Mun san yaron shago a kasuwar Dole da ke shekara da shekaru yana buɗe ƙofa da sassafe, yana share gaban kanti, ana aikensa da kuɗi ya dawo da canji cif, har ranar da ubangidansa zai kira shi ya ce: "Kai yaro, ka riƙe amana, ga jari, Allah ya yi albarka." Ta wannan fuska tsarinmu ya fi na littafin, tunda ubangidan yana kallon halin yaron kullum, ba sai an jira wani hatsari ba.

Sai dai akwai waɗanda ba su da ubangida ko kaɗan: almajirin da ke yawo da robarsa a Birni, da mai tura amalanken ruwa a Zango lokacin bazara, da ɗan kabu-kabun da ke kai wa mai babur kuɗinsa kowane dare ba tare da ya rage ko dala ba. Da yawa daga cikinsu ba su gaza Dick gaskiya ba, amma babu mai lissafa musu ita, kuma babu Fosdick ɗin da zai zauna da su bayan isha'i da littafi a hannu.